Yadda Munka Raba Motar Tsere Biyu Don Inna Ta Zauna

Shekarun baya, lokacin ina kabu-kabu a Jega, anka jawo ni cikin wata wahala da ko a mafarki ban roƙa ba. Ni ba makanike ba, ba mai walda ba. Iyakar sanina da ƙarfe, in babur ya ƙi tashi in buga mashi ƙafa in zage shi. Makaranta ma a tsakiyar sakandare munka rabu da ita, ba faɗa ba gaba, kowa ya kama gabanai. Amma sai ga ni tsundum cikin aikin yanka mota, har da ɗaura zane. Za mu zo wurin zanen, kada ku yi gaggawa, ni ma ba daɗin tuna shi nike ji ba.

Wanda ya ja min wagga masifa abokina ne, mai walda. Mutum ne shiru-shiru, amma kainai ba daidai shike da na sauran mutane ba. Wata rana ya ga motar tsere ta Turawa cikin waya, irin wadda ke kwance da ƙasa kamar ƙadangare, ƙofofinta na buɗewa sama kamar fara za ta tashi. Mu munka kalla munka ce Allah ya ba mu, munka ci gaba da shan shayi. Shi ko sai ya tai wurin 'yan gwangwan ya sawo gawar wata tsohuwar tasi. Ya ciro inji da tayu, ya yar da sauran. Ya samo bututan ƙarfe ya haɗa sabon shasi, wato ƙashin da mota ke tsayuwa a kai, ya bi shi da fallayen ƙarfe, shina bugu shina duba waya, shina bugu shina duba waya. Damina ta zo ta wuce ta sake dawowa shina abu ɗaya. Da ya gama ya shafe ta da jan fenti kamar tattasai.

Gaskiya ta yi kyau. In ka tsaya nesa ka ɗan runtse ido, wallahi ita ce ta cikin wayar. In ka matso kusa ne za ka ji ƙarar injin tasi, ka tuna a Jega kake.

Kujerunta biyu ne kacal, shi ya buge su da kainai daga fallen ƙarfe, sun yi zurfi kamar kaskon tuya, ya shimfiɗa masu soso siriri kamar waina. Ba zama ake yi ba, kwanciya ake. Gwiwarka na gaida haɓarka, mazaunanka na jin zafin kwalta. Na ce mashi wagga kujera ai hukunci ce. Ya ce haka ta Turawan take, ni ne ban waye ba.

To ga inda rigimar take. Abokina ya yi rantsuwa cewa babu mahalukin da zai zauna kujerar gefe mota na tafiya sai mahaifiyatai ta fara. Har ni, amininai, a babur nike bin shi baya kamar ɗan rakiyar ango. Mu duka Inna muke ce mata. Shi a Maiyama ya tashi wurin kakatai, tun da anka yaye shi anka kai shi can, sai da ya zama saurayi ya dawo Jega koyon sana'a. Inna ko ba ta daɗewa ba ta je Maiyama gaida tsohuwarta ba, kuma ni ke kai ta tasha. Wata rana ya biyo mu, ya ga yadda anka cusa ta cikin bas, rabin jikinta kan kujera rabi kan buhun wani, ga akuya na numfashi a wuyanta. Tun ranar ya ƙudurta shi zai kai ta Maiyama da hannunai, cikin motar da ya ƙera, ya aje ta ƙofar gidan kakatai.

Ni da Inna muna shiri ƙwarai. Direbanta take ce min, tana min faɗa, tana ba ni fura. Shi ko ba ta ko kama sunanai. In za ta yi maganatai sai ta ce "abokinka", ko "wancan mai ƙarfen". Mun saba da haka har mun daina ji.

Ranar da fenti ya bushe munka tai ƙofar gidansu, yara na bin mu da ihu kamar an kawo kura gari. Na shiga na yi sallama na ce Inna ta fito ta ga abin mamaki. Ta fito zaure da hijabinta. Abokina ya ɗaga ƙofar sama, ya koma gefe ya durƙusa, kai a ƙasa. Ta leƙa ciki, ta daɗe tana kallon kujerun ga biyu da ke manne da juna. Sai ta juyo wurina.

"Ce ma abokinka an gode. Amma gwiwata ba ta kai ni cikin ramin ga."

Ta koma gida abinta. Na ɗauka ranai zai ɓaci, sai na ga shina murna. Wai ai an samu bakin zaren, in gwiwa ce an gama. Nan take ya ce ni zan taimaka mashi, tunda duk Jega ni kaɗai na san yadda Inna ke hawa abin hawa, wace ƙafa take fara ɗagawa, ina take dafawa. Na ce ni ɗan kabu-kabu ne ba likitan gwiwa ba, kuma ina da fasinja. Ya ɗauke makullin babur ɗina ya jefa aljihu. Kun ji yadda anka ɗauke ni aiki.

Farko akwai wani bututu da ya ratsa ƙarƙashin ƙofa, tsawonai ya kusa gwiwa, sai ka tsallake shi za ka faɗa ciki. Ya yanke shi, ya maido shi ƙasa. Sannan munka koma wurin 'yan gwangwan munka tono kujerar wata babbar mota ta masu hali, mai taushi, mai wurin jingina kai. Mai ɗinkin kujera ya ƙara mata soso ya yi mata sabuwar riga. Da munka ɗora ta na zauna, sai kaina ya daki rufi, sai na karkace wuya kamar kaza na kallon shaho. Ƙasa ba wurin saukarwa, motar da ma kusan jan ciki take. Dole ya yanka rufin gefen ya ɗaga shi. Motar ta fito da tozo a ɓari ɗaya kamar bijimi. Ya daɗe shina zagaya ta shina tsaki, amma ya haƙura.

Ina cewa an gama, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce ai ni da wando nike shiga, Inna ko da zane za ta shiga, dole a gwada da zane. Na ce sai shi nemi wani. Ya girgiza makullina.

Jama'a, na je gida na zare zanen mahaifiyata daga igiyar shanya. Munka ja ƙyauren shago, na ɗaura. In shiga in fito, in shiga in fito, shi ko shina tsugune da alli shina sa alama duk inda zanen ya maƙale. Har gyara min shike, wai Inna ba ta buɗe ƙafa haka, in yi a hankali cikin natsuwa. Ina tsaka da natsuwar, na dafa ƙofa da hannu ɗaya na tattare zane da ɗayan, sai mai facin da ke maƙwabtaka da shagon ya turo ƙyaure wai ya zo aron ashana. Ya tsaya. Na tsaya. Ya ce, "Hajiya, an wuni lafiya?" Ya ja ƙyauren ya rufe muna a hankali.

Kafin la'asar duk layin an ji. Har yau da nike rubutun ga, in na bi ta wurin, Hajiya shike ce min. Mutumen ga da ma shi ne shugaban masu zolayar motar, kullum cewa shike gwangwani ce anka sa ma jan baki.

Munka sake kai mota ƙofar gida. Wanga karon da ƙarfin gwiwarmu. Na ce Inna an gyara, yanzu ko sarauniya ta zauna. Ta fito, ta yi mata kallo ɗaya, ta ga sabuwar kujera nan gefen ta direba inda tsohuwar take. Ta ce in ce mashi ya yi ƙoƙari, amma yau tana da surfe. Surfen da jikokin maƙwabta ke yi mata tun ban san kaina ba.

Abokina ya maida mota shago, ya ja tampol ya rufe ta. Kwana da kwanaki bai buɗe ba. Ya koma waldar ƙofofi da tagogi, ba ya magana da kowa. Ya maido min makullina ba tare da na roƙa ba, nan na san abin ya yi tsanani. Ranar da na matsa mashi, bai ɗago daga aikinai ba ya ce ya gane, kunyar a gan ta cikin aikin mahaukaci take ji, kamar yadda mai faci ke faɗi. Ya ce shi da ma ba wani abu ya nema ba. Tun da ya dawo daga Maiyama ba su taɓa zuwa ko'ina tare ba, ko nan da bakin titi. Ya ɗauka in ya yi abin da ba wanda ya taɓa yi a garin ga, za ta yarda su yi tafiya ɗaya. Ya ce zai kira 'yan gwangwan su auna ta su kwashe.

Na hau babur na tai gida.

Abin da ya cece mu zanen nan ne. Na maida shi cikin kayan mahaifiyata a ɓoye, ban lura ya kwashi baƙin mai a gefe ba. Ta gani. Ta kira ni ta shimfiɗa shi gabana ta ce in yi mata bayanin yadda zanenta ya je gareji. Na fara ƙarya ta ƙi tsayuwa, sai na faɗi gaskiya tun daga farko. Da na zo wurin mai faci ta yi dariya har tana share hawaye da zanen. Amma da na faɗi yadda Inna ta ƙi shiga har sau biyu da halin da abokina ke ciki, sai ta daina dariyar, ta dube ni kamar ta ga sabon wawa.

"Ku dai wayar ga ta cinye maku hankali. Ɗan farinta ne fa. Matar da ko sunanai ba ta faɗi don kunya, ita za ku aje gefenai, kafaɗa na gugar kafaɗa, ku ratsa kasuwar Jega ana kallo? Ko kujerar zinariya kunka sa ba ta shiga."

Abin da na sani tun ina yawo ba wando, ban taɓa kawo shi cikin lissafin mota ba. Na ce to mi za a yi. Ta ce a sa ta baya mana, shina gaba tana bayanai, ba ta ganin fuskatai ba ya ganin tata. Na ce motar ba ta da baya. Ta ce, "To ku yi mata. Ba ku kunka yi gaban ba?"

Har na miƙe sai ta ƙara da wani abu. Wai ranar farko da munka kai motar, bayan mun tafi, yarinyar gidan ta fito da tsintsiya za ta share ƙofar gida, Inna ta hana ta. Ta ce a bar sawun tayar nan. Sai da iska ya shafe shi da kainai.

Na hau babur na ishe abokina shina waldar ƙofar wani. Na zayyana mashi. Maimakon shi rungume ni sai ya hau ni da faɗa. Wai na san mi nike cewa kuwa? Bayan kujeru tankin mai ne, bayan tanki taya. Kafin a samu wurin kujera sai an raba motar biyu an ƙara mata tsawo. In anka yi haka ta tashi daga motar tsere ta koma kwalekwale. Tozon da ya yi mata ma har yanzu shina mashi ciwo. Ya ce irin wagga mota ko a ƙasar da anka ƙirƙiro ta mutum biyu take ɗauka.

Na ce, "A ƙasar da anka ƙirƙiro ta akwai kunyar ɗan fari?"

Ya ce in bar mashi shago. Na ce zan tafi, amma shi zaɓa, ko motar da ta yi kama da hoto, ko motar da ta je Maiyama. Ina kan babur na jefa mashi labarin sawun taya. Bai juyo ba. Sai dai na ga waldar ta tsaya, ƙarfen na hannunai, shina kallon bango.

Washegari da hantsi na biyo ta wurin, na ishe an yaye tampol. An ja layin alli tun daga wanga gefe, ya hau rufi, ya sauka wancan gefen, daidai bayan kujeru. Abokina na zaune kan gwangwanin fenti shina kallon layin. Ya miƙo min hannu. Na zaro makullin babur na ba shi da kaina.

Ban taɓa ganin mutum na yanka abin da shike so haka ba. Injin yankan na kuka, tartsatsi na tashi, shi ko ya cije baki kamar shi ake yankawa. Da bututun ƙarshe ya rabu, munka ja gaba gaba, munka ja baya baya, ta tsaya gida biyu kamar ragon layya. Mai faci ya leƙo ya yi muna ta'aziyya, ya tambayi yaushe ne sadakar uku.

Ashe ƙara ma mota tsawo ba bututu huɗu ne kawai ba. Duk abin da ya taso daga gaba zuwa baya sai an ƙara shi: bututun birki, bututun mai, salansa, wayoyin fitila. Tanki ya koma can wutsiya. Kujerar mai taushi munka ciro ta daga gaba munka dasa ta baya, daidai ƙeyar direba. Ya ɗaga rufin bayan yadda ko da ɗaurin kallabi ba za a taɓa shi ba. Ya samo ƙofar tsohuwar tasi ya sa mata, mai buɗewa gefe kamar ta mutanen kirki, har da gilashin da ake murɗawa. Madubin ciki ma ya kwance shi ya aje, kada ido shi haɗu da ido. Wanga ba ni na faɗa mashi ba, shi ya tuna da kainai. Gaba ko, tunda kujera mai kyau ta koma baya, sai ya maido kaskon nan na da.

Saura gwaji. Rantsuwa ta hana a sa mutum, sai munka ce a gwada da kaya. Ya jefo min makullina munka tai Aliero wurin wani mai albasa da abokina ya taɓa yi ma ƙofar rumbu, ya ara muna buhuna. Na tambayi abokina Inna buhu nawa ce, don a yi aiki da ilimi. Saura kaɗan shi kwaɗa min sifana.

Munka loda baya, ya ja, ina bin shi a babur. Ba mu ko bar garin sosai ba ya faɗa wani rami. Na ji ƙas. Ina kallo tsakiyar motar ta lotsa kamar bayan tsohon jaki, cikinta na jan ƙasa. Mutane sunka taru. Abokina ya fito ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, ya ishe waldar ta ɓalle daidai inda ya haɗa sabon bututu da tsoho. Ya tashi zaune nan cikin ƙasa. Abu ɗaya shike maimaitawa, da Inna ce a ciki fa.

Don in kwantar mashi da hankali na ce ai abin ya zo da sauƙi, a Aliero ta karye, garin masu ɗori, mu tura ta gidan mai ɗori a ɗaure ta da kara a tofa mata. Mutane sunka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya zuba min ido har na fara ja da baya. Sai ya ce ai gaskiyata ce. Shi baki da baki ya haɗa bututan ya bi da walda, ya bar nauyi duka kan gaɓa. Mai ɗori ko ba ya barin karaya ita kaɗai, sai ya jera mata kara ya wuce ta gaba ya wuce ta baya. Na ce da ma abin da nike nufi ke nan. Ban san na nufa ba, amma wa zai ƙi yabo?

A-kori-kura ta jawo mu har Jega da igiya, ta gaban mai faci. Ba sai na faɗa maku abin da ya ce ba.

Abokina ya sake buɗe ta. Kowace gaɓa ya zura mata ƙaramin bututu ta ciki, ya kama ta da ƙarfe ta gefe da gefe, ya gicciya wasu a ƙasa. Sannan ya koma gwaji kamar mai aljanu. Buhunan da za su yi Inna da ƙannenta duka ya loda, ya bi hanyar Fagada, ya bi ta Jiga Birni, duk ramin da ya gani sai ya faɗa shi da gangan, ya fito ya kwanta ya leƙa. Ba ta ko motsa ba. Illa dai motar ta koma warin albasa kamar rumbu. Mahaifiyata ta ba mu turaren wuta, munka rufe ƙofofi munka turara ta kamar ɗakin amarya. Warin ya ragu, bai tafi ba.

Karo na uku na tsara abin da kaina. Na ce mashi kada shi fito, kada shi waiwaya, shi riƙe sitiyari shi kalli gaba kamar direban haya. Na yi sallama. Inna ta fito tana cewa ni dai ba na gajiya. Na buɗe mata ƙofar baya. Ta dubi kujerar, ta dubi ƙeyar abokina, ta dubi inda madubi ya kamata shi kasance. Ta tambaye ni ko ni ma zan je. Na ce in ta shiga. Sai ta juya ta koma cikin gida.

Na ji abokina ya sauke wani numfashi. Na rasa inda zan sa idona. Ina shirin rufe ƙofar sai ga ta ta fito da sabon hijabi, da ƙunshin daddawa da goro na tsaraba. Ta miƙa min ƙunshin, ta yi bisimilla, ta dafa daidai yadda na dafa ranar da mai faci ya kama ni, ta shiga. Zane bai maƙale ko'ina ba. Ta danna kujerar da hannu, ta jingina.

"Ce ma abokinka mu tafi."

Ni na faɗa cikin kasko. Daga Jega zuwa Maiyama ban taɓa sanin hanyar na da tsawo haka ba, don tafiyar hawainiya munka yi. Babura na wuce mu, masu keke na wuce mu suna waiwaye. Duk da haka Inna na baya tana ba ni saƙo. Ce mashi shi rage. Ce mashi akwai shanu gaba. Ce mashi kujerar ba laifi. Mutumen da ake ba saƙon ga shi nan, kunnenai ya fi nawa kusa da bakinta, amma sai na juya na maimaita mashi, shi ko ya ce in ce mata to. Can na lura idonai na zubar da ruwa. Na ce lafiya? Ya ce albasar nan ce ba ta gama fita ba. Na ce lalle albasar Aliero akwai ƙarfi.

A Maiyama kakatai ta fito da sandarta tana kiran maigidanta, wato abokina, ya zo, ta ce sai yau ya ga damar kawo mata motar da ya yi alkawari tun shina ƙera ta kara. Ta ce gaba wurinta ne, in tashi. Munka sa ta cikin kasko anka zagaya da ita unguwa, fitowa ko sai da munka ciro ta mu biyu tana zagin wanda ya ƙera kujerar. Inna na tsaye bakin zaure, ta ja hijabi ta rufe baki, kafaɗunta na motsi.

Yanzu in na tuna, dariya nike yi ma kanmu. Mun auna gwiwa, mun auna zane, mun auna rufi, ba mu auna matar da za ta zauna ba. Ta faɗa muna matsalar tun kallon farko da ta yi ma kujerun ga biyu, mu ne munka tsaya sauraren baki. Shi kuma ya kwashe shekaru shina jin ba a damu da shi ba, alhali ana nan ana gadin sawun tayatai. Tun daga nan in babba ya ba ni uzurin da bai kama hankali ba, ba na gardama, sai in koma gida in tambayi mahaifiyata mi ake nufi. Motar tana nan har gobe, doguwa, da tozonta, ba ta kama da komai cikin waya. Abokina ya buɗe babban shago, rabin aikinai yanzu gyaran kujeru da shasi ne, masu kawo tsofaffinsu asibiti sun san shi. Har yau Inna ba ta kama sunanai ba, kuma har yau in za ta Maiyama ba ta zuwa tasha.

Amma bari in ƙarasa maku ranar. Da munka dawo Jega da yamma, tayar baya ta ɗan yi sanyi, dole munka tsaya wurin mai faci. Ya taso shina washe baki, bai san da kowa a baya ba don gilashi na rufe. Ya gaida Hajiya, wato ni. Sannan ya ce labari ya riga mu isowa, wai jaki da kaya ya wuce mu a hanyar Maiyama. Ya tambayi 'yan majalisatai ko sun taɓa ganin motar tseren da ake yi ma rakiya da ƙafa. Abokina ya fara bayanin inji, ni na fara rantsuwa jakin ma gudu shike, majalisa ta kaure, kowa na faɗin tashi.

Sai munka ji ana murɗa gilashin baya, ƙiii, a hankali. Mai faci ya leƙa, ya ga wadda ke ciki, ya zube ƙasa shina gaisuwa. Tunda nike ban taɓa jin Inna ta haɗa kanta da abokina cikin magana ɗaya ba sai ranar, kuma ba ta bi ta kaina ba. Daga ranar mai faci bai sake tada zancen gudun motar ba.

"Kai mai faci," in ji ta. "Ɗan albarka ba ya gudu in ya ɗauko uwatai. Sa muna iska mu wuce."